Amsa ga ƙanwata mai tsoron rubutun Koriya

Ƙanwata, ina karanta tambayarki na tuna kaina. Kin ce farkon Oktoba za ki sauka Seoul, rubutunsu na ba ki tsoro, kuma kin ji ana bikin Hangul ba ki san ko na mene ne ba.

Ni wani ɗalibi da ya riga mu zuwa ne ya cuce ni. Ya ce kada in wahalar da kaina, Turanci ya isa. Sati na biyu yunwa ta kai ni shago da daddare, na sayi taliyar leda na dafa, har romon na shanye. Washegari abokiyar ɗakina ta tsinci ledar, ta ɗora yatsa kan wani rubutu a bayanta: 돼지. Alade. Wallahi amai na yi ta yi har cikina ya ƙulle, ga kuka, ga kunyar kiran Umma. Da na gaya masa dariya ya yi, wai ai ban sani ba. Har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Abin haushin, da na zauna, kwana uku ya ishe ni haɗa baƙi. Duka 24 ne, baƙaƙe 14, wasula 10. Ki dubi ㅁ, siffar baki ce, sautinta "m". Wannan rubutun nasu shi ne Hangul, Sarki Sejong ne ya ƙirƙiro shi a 1443, aka fitar a 1446, don talaka ba ya iya rubutun Sin da manya ke amfani da shi. Wani babban malamin fada, Choe Manri, har takardar adawa ya kai wa sarki a 1444.

Bikin na tunawa da rubutun ne, 9 ga Oktoba ake yi, kuma hutu ne, bankuna a rufe, ki gama hidimarki kafin ranar. Ki leƙa dandalin Gwanghwamun ki ga mutum-mutumin Sejong, shi ne dai a jikin takardar won 10,000.

Amma kada ki ruɗu, iya karantawa daban, gane magana daban, ni na fi shekara ina fama. Ki fara haddace 돼지 tukuna. Kuma don Allah ki taho da yaji da kuka da daddawa, ki ɗaure su leda biyu, nawa wata ɗaya suka yi suka ƙare.