Amsoshin Wasiƙunku: Na'urar Awon Suga, Zuma, da Mai Lasifikar Kwangila

Wasiƙun wannan makon duk a kan ciwon suga suka faɗo, sai na haɗa su wuri ɗaya.

Wani malamin makaranta daga Samaru a Zariya ya ce likita ya tabbatar wa mahaifinsa yana da suga, wace na'urar awo zai sayo masa? Malam, kafin ka tambayi kuɗin na'ura, tambayi kuɗin sitirif, wato 'yan tsinkayen da ake ɗiga jinin a kai. Na'ura sau ɗaya ake saye, sitirif kuwa kullum cikin sayensa kake, kuma na Accu-Chek ba ya shiga wata na'urar. Zagaya kemis uku ko huɗu a Sabon Gari, wadda ka ga ana samun nata a ko'ina ita za ka ɗauka, ka kuma duba ranar lalacewa a jikin gwangwanin. Wata na'urar za ta nuna maka 126, wata 7.0, duk abu ɗaya ne, ka raba na farkon da 18. Lambar da nake so ka haddace ita ce 70 a na'ura irin ta farko, wato 3.9 a irin ta biyu. In awon Baba ya sauka ƙasa da haka, ga gumi ga rawar jiki, ba shi sikari ko lemon kwalba nan take.

Wata daga Tudun Wada tana tambaya ko ta bar sikari ta koma zuma, tunda zuma magani ce. Hajiya, ba mai musun albarkar zuma, amma tana ɗaga suga. Balle ta bakin titi da ake sirkawa da narkakken sikari. Riƙe kuɗinki.

Wata uwa daga Ƙofar Doka ta rubuto hankalinta a tashe: 'yarta mai shekara 12 tana kan allurar insulin, ga wuta ba ta zama. 'Yar'uwa, da farko ki cire wa ranki cewa alawar da kika saya mata ce ta jawo. Irin na yara jiki ne ya daina samar da insulin, ba laifinki ba ne. Kwalbar insulin da ba a buɗe ba firji take so, amma kada ta daskare, in ta daskare ta lalace. Wadda aka buɗe tana yin kwana 28 in zafi bai wuce digiri 30 ba, kin kuwa san Zariya a watan Maris da Afirilu. Ki sa ta a roba mai murfi, ki ɗaure a leda, ki ajiye cikin randa mai ruwa a inuwa. Allah ya ba ta lafiya.

Sai kuma wani direba da ya ji mai mota da lasifika a Kwangila yana tallan garin magani mai raba mutum da suga har abada cikin mako guda. Wai ya saya ya ajiye metformin ɗinsa, wato ƙwayar suga ta asibiti? Haba Malam! Mai maganin da zai kashe suga a kwana bakwai, me ya zaunar da shi a ƙarƙashin gada yana shan rana? Gari ɗaya, shi ne na basir, shi ne na sanyi, shi ne na suga. Wasunsu ma ƙwayoyin asibiti suke niƙawa su zuba ba awo, ka sha suga ya faɗi warwas kana riƙe da sitiyari a hanyar Kaduna. Ko ka ga lambar NAFDAC a jikin leda, karanta ƙananan rubutun, sau da yawa an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ciwon nan ba ya ihu. Ka bar magani wata shida kana jin garau, ashe yana cin ƙoda, yana cin ido, yana kashe jijiyoyin ƙafa har ƙusa ta soke ka ba ka ji ba. Sai gyambo ya ƙi warkewa a kwashe ka zuwa asibitin koyarwa na Shika, a nan ne za a ji kuɗin da aka guje wa a kemis ya ninka, wani lokacin har da ƙafar. Na ga mutum ya yi ƙorafin tsadar ƙwaya alhali ya sayi shaddoji kala uku na Sallah. Zogale ka ci shi a kwaɗo, babu laifi, amma ƙwayarka ba mai canza ta sai likitan da ya rubuta.

Mai tambaya ko ya sayi buhun alkama ya bar masara: alkamar ma tana komawa suga a jiki. Rage malmala, ƙara miyar kuka da kuɓewa, ka riƙa haɗawa da wake, sannan ka taka zuwa masallaci da ƙafa ka bar babur.