Wa Ake Fara Dubawa a Sashen Gaggawa? Amsoshin Likita

Tambaya: Likita, na kai maigidana asibiti ya yanke a hannu, mun yi kusan awa biyu muna jira, sai ga wani dattijo da ya zo bayanmu an wuce da shi ciki nan take. Wannan ba son kai ba ne?

Amsa: Malama, Allah ya ba maigida lafiya. A sashen gaggawa tsananin ciwo ake bi, ba wanda ya riga zuwa ba. Ma'aikaciyar jinya da ke karɓar marasa lafiya tana duba numfashi da bugun zuciya da hawan jini, da kuma ko mutum yana cikin hayyacinsa, sannan ta ware shi. Dattijon da ya dafe ƙirji yana gumi zai iya rasa ransa kafin a gama ɗinke hannun da jininsa ya riga ya tsaya. Wannan ƙa'ida ta daɗe, domin Dominique Larrey, likitan sojojin Napoleon na Faransa, ya yi suna wajen fara kula da wanda rauninsa ya fi muni ba tare da duba muƙaminsa ba.

Tambaya: Ni ɗalibin aikin jinya ne. Mene ne bambancin tsarin Manchester da na ESI, kuma wanne ya fi?

Amsa: Dukansu hanyoyi ne na tantance wanda za a fara dubawa, kuma matakai biyar gare su, amma tambayar da kowanne yake yi daban ce. Tsarin Manchester, wanda aka faro a Ingila a 1994, yana farawa ne daga abin da ya kawo mutum, kamar ciwon ƙirji ko ciwon kai, sai a bi jerin tambayoyin da aka tanadar wa wannan ƙorafi har a kai ga launi: ja a duba shi nan take, ruwan lemo cikin minti 10, rawaya minti 60, kore minti 120, shuɗi minti 240.

ESI kuwa (Emergency Severity Index, wato ma'aunin tsananin ciwo a sashen gaggawa), wanda ya fi yaɗuwa a Amurka, yana fara tambayar ko mutum yana bakin mutuwa (mataki na ɗaya), sannan ko jira zai jefa shi cikin haɗari (mataki na biyu). Idan duka babu, sai a ƙiyasta yawan abin da zai buƙata, irin su gwajin jini, hoto da ƙarin ruwa: biyu ko fiye mataki na uku ne, guda ɗaya na huɗu, babu ko ɗaya na biyar. A ganina ESI ya fi sauri a hannun ƙwararre, amma ya dogara sosai da gogewarsa, shi kuwa Manchester yana riƙe hannun sabon ma'aikaci. Inda ma'aikata ba su da yawa, na fi karkata ga tsarin Afirka ta Kudu, wanda ke ba da maki bisa awon numfashi, bugun zuciya, hawan jini, zafin jiki da iya tafiya. Sai dai ka kula, shuɗi a can alamar wanda ya rasu ce, ba mai ƙaramin ciwo ba.

Tambaya: Idan an ba ni kore amma jikina ya ƙara tsanani ina jira, me zan yi?

Amsa: Ka koma wurin mai tantancewa nan da nan, kada kunya ta hana ka. Launin da aka ba ka yanayinka ne a lokacin da aka duba ka, kuma ƙa'idar aikin ta tanadi sake duba masu jira. Sarƙewar numfashi, ciwon ƙirji, ruɗewa, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, da jinin da ya ƙi tsayawa, kowanne ya isa a ɗaga matakinka.