Sun kawo shinkafa da takardar yafiya: wa ke da ikon sa hannu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Tifar yashi ta wani kamfanin gine-gine ce ta banke maigidana a kan babur, ya rasu nan take. Ya bar ni da yara uku, babban namiji ne ɗan shekara tara, ga kuma mahaifiyarsa. Ranar sadakar bakwai wakilin kamfanin ya zo da buhun shinkafa da kuɗi a ambulan, da wata takarda wai a sa hannu an yafe. Ƙanin maigidana ya ce mu bar wa Allah. Ina cikin takaba, ban san inda zan dosa ba. (Mai karatu daga Zariya)

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙansa, Ya raya abin da ya bari. Malama, kada kowa ya sa hannu a takardar nan sai lauya ya karanta ta. Irin wannan takarda sau da yawa cewa take iyalin sun karɓi abin da aka ba su a matsayin cikakkiyar diyya, ba za su ƙara neman komai ba. Da zarar an rattaba hannu, ita za a fara ɗagawa a kotu.

Maganar barin wa Allah tana buƙatar gyara. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya a kisan kuskure, a miƙa ta ga iyalan mamaci, sai in su suka yafe. To su wane ne ke yafewa? Diyya gado ce. Ke kina da tumuni (ɗaya bisa takwas), mahaifiyarsa na da sudusi (ɗaya bisa shida), sauran na yaran ne. Tun da akwai ɗa namiji, ƙanin mamacin ba shi da kaso, don haka ba shi da abin da zai yafe. Baligi na iya yafe nasa kason, amma na marayu ba mai ikon kyautar da shi, ko ke uwarsu. Ƙimar diyyar kuwa raƙumi 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, wato kimanin giram 4,250, ko dirhami 12,000 na azurfa. Ki kwatanta wannan da abin da ke cikin ambulan ɗin.

Abin da ya fi gaggawa shi ne hujja, don ita ce ke ɓacewa a makonnin farko. Ki wakilta amintacce, tun da ba kya fita. Ya je ofishin 'yan sandan da ya karɓi rahoton, ya nemi kwafinsa da zanen wurin haɗarin da sakamakon binciken jami'an duba lafiyar motoci, wanda zai nuna ko birki na aiki. Ya rubuta lambar tifar, da sunan direba, da sunan da ke kan takardun mallakarta. Ya karɓi lambobin wayar waɗanda abin ya faru a idonsu, masu shayi da 'yan acaɓan wurin, kafin su watse. A ɗauki hoton babur ɗin, kada a gyara shi, kada a sayar. A asibiti a karɓi takardar likita mai bayyana sanadin mutuwa, sannan takardar shaidar rasuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Muna gaggauta jana'iza kamar yadda addini ya koyar, amma gawar da aka wuce da ita gida ba likita ya gani ba takan bar giɓi, lauyan kamfani ya tsaya yana tambayar me ya kashe shi. In haka ta faru, shaidar masu wanka da rahoton 'yan sanda su za a jingina da su.

Shari'a biyu ce, kada a haɗa su. Gurfanar da direba kan tuƙin ganganci aikin gwamnati ne, kuma ko an ɗaure shi ba lallai yaranki su sami komai ba. Neman diyya ƙara ce ta daban da ku za ku shigar a Babbar Kotun Jiha, ƙarƙashin dokar haɗuran da suka jawo asarar rai. A sa sunan direba da na kamfanin tare, domin doka na ɗora wa ubangida alhakin sakacin ma'aikacinsa a bakin aiki, kuma a wurin kamfanin kuɗin yake. Wa'adin da aka saba shekara 3 ne daga ranar rasuwa. In da motar hukuma ce, dokar kare jami'an gwamnati na iya rage shi zuwa wata 3 kacal, kafin ma ki fita takaba.

Kotun tana lissafi ne da abin da mamacin ke kawowa gida da shekarun da suka rage masa na aiki. Saboda haka ki adana takardar albashi, ko littafin ciniki, ko bayanan asusun banki, da rasit na makarantar yara da na haya, da takardun haihuwarsu da shaidar aure. Sai inshora: dole ce a kan kowace mota, kuma tana ɗaukar rai da raunin wanda aka buge. Lauya ya tabbatar ta gaske ce, don jabu sun yi yawa, ya kuma sanar da kamfanin inshorar a rubuce da wuri, domin jinkirin sanarwa na ba su ƙofar zillewa.

Sulhu ba laifi ba ne, yakan ma fi sauri. Amma a yi shi a rubuce, a gaban alƙali, da adadi da ranar biya, a ware kason yara. In babu kuɗin lauya, a je Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta tarayya ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

TAMBAYA: Yayana ya rasu a masana'anta, inji ne ya kama shi. Sun biya kuɗin likkafani da albashin wata ɗaya. Shi ke nan? (Mai karatu daga Kano)

AMSA: A'a, Malam. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa ma'aikatu su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, hukumar tarayya mai kula da diyyar ma'aikata, kuma daga nan ake biyan iyalin wanda ya rasu a bakin aiki wata-wata. Matar da ke da yara biyu ko fiye tana samun kashi 90 cikin 100 na albashinsa. Ba sai an tabbatar da laifin kowa ba. A rubuta wa ma'aikatar sanarwa cikin kwana 14, a riƙe kwafi mai hatiminsu, a kuma shigar da buƙata a NSITF cikin shekara 1. Ban da wannan, dokar fansho ta 2014 ta wajabta inshorar rai ta aƙalla ninki 3 na albashin shekara. Inda ake samun cikas shi ne ma'aikacin wucin gadi da ba shi da takardar ɗauka aiki. Ku nemo katin shaidarsa na aiki, da saƙonnin shigar albashi a wayarsa, da abokan aiki biyu da za su yarda su ba da shaida.