Ina abincin mai majigi yake?

Yarona, tambayarka ba ta ɓata mini rai ba. Ka ce tunda ba ma karɓar ko kwabo a bakin ƙofa, kuma ƙungiyarmu ba ta neman riba, ina abincin yake a wannan aiki na yawon nuna fim da majigi a ƙauyuka? Ka ce sa'o'inka masu ɗaukar bidiyon biki a Birnin Kebbi har sun sayi babur, wasu sun tafi Kano neman shiga fim, kai kuwa kana nan kana naɗe waya da jidar janareta. To, buɗe kunnenka.

Abinci akwai, amma ba a jikin na'ura yake ba. Abin da ka iya zuwa yanzu yana da kyau: ka san a kai janareta can baya inda iska ba za ta kwaso ƙararsa ba, ka san a ɗaure ƙyallen kusurwa huɗu da hunturu, ka san ba a zare wutar majigi sai fankar cikinta ta gama huce ƙwan. Duk wannan yaro mai kai zai koya cikin wata guda, don haka ba wanda zai biya ka kuɗin kirki a kansa. Abin da ake neman mutum dominsa shi ne sanin wane fim za a kai wa waɗanne mutane, a wane dare, kuma wanne zai riga wanne.

Bari in kawo maka shi kusa. Ka san abin da ya faru a watan Mayun 2021, da jirgin ruwa ya kife a wajen Warra ta ƙaramar hukumar Ngaski, mutum fiye da ɗari suka salwanta. Ka ƙaddara wata ƙungiya ta ba ka gajeren fim a kan cika wa jirgi kaya da sa rigar da ke hana nutsewa, ta ce ka nuna a ƙauyukan bakin Kwara. In ka fara da shi, yara kaɗai za su gani, don manya suna masallaci, mata ba su gama kwashe tuwo ba. In ka bar shi ƙarshe, kai da sauro za ku kalla. Sai ka jira a sallame Isha'i, ka sa ɗan wasan barkwanci, dariyar yara ta jawo na cikin gida. Idan ka ga ɓangaren mata ya cika, tsofaffi sun shimfiɗa buzu, lokacin ne za ka saki fim ɗin jirgin. Yana ƙarewa ka tsayar, ka kunna fitila, ka miƙa makirfo. Kar ka riƙe shi kai, kuma kar ka fara ba baƙon da ya zo daga Abuja. Ba sarkin ruwa, ko wani tsohon matuƙi, ya faɗi dalilin da ya sa ake lodin da ya wuce kima ranar kasuwa: tsadar mai, ƙarancin jirage, fasinjan da ba ya yarda a bar shi a gaɓa. A nan maganar gaskiya take fitowa, wani lokaci har da gardama, kuma gardamar ce ribar daren. Dogon fim ɗin da suka fito dominsa sai ya biyo baya, ya zama tukuicin zaman da suka yi.

Ba mu muka ƙago wannan jeri ba. Tsallaken iyaka, a Nijar da Binin da Mali, akwai ƙungiyar da ake kira Cinéma Numérique Ambulant, tana yawo ƙauyuka da mota tana nuna fim kyauta, kuma kusan haka take tsara darenta. Abin da na fi yaba musu shi ne suna komawa ƙauye ɗaya sau da yawa. Zuwan farko kallon baƙi ake yi muku. Sai a na uku ko na huɗu wata tsohuwa za ta karɓi makirfo.

Sannan harshe. Rubutun fassara da ake sawa a ƙasan hoto aikin banza ne a filin da rabin mutanen ba su yi boko ba, sauran kuma suna nesa da allo. Tun zamanin En'e, lokacin da motar majigi ke kawo fina-finan tsafta da irin su Baban Larai mai koyar da noman auduga, mutumin da ke tsaye da lasifika yana bayani ya fi mai kunna injin daraja. Har gobe haka ne. A wajen Kamba za ka so mai jin Zabarmanci a kusa da kai, a ƙasar Zuru mai jin Dakarci, ko da kowa a wurin yana jin Hausa, don mutum ba ya kawo kukansa da harshen kasuwa.

Kafin duk wannan akwai sallama. Ba a kafa allo a gari sai an gaida hakimi ko dagaci, an sanar da liman, an faɗa musu abin da ke cikin fim ɗin ba ɓoye-ɓoye. Mutanenmu ba su manta da sunan da gidajen sinima suka yi ba. Da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara a 1999 rufe su aka yi, Kano kuma ta kafa hukumar tace fina-finanta a 2001. Majigi ya tsira ne don a ƙofar fada ko filin firamare ake yinsa, a gaban iyaye. Saboda haka kar ka taɓa nuna abin da ba ka kalla da idonka daga farko har ƙarshe ba. Rawa ɗaya ta minti biyu tana iya rufe maka gari, ta rufe wa wanda zai zo bayanka. Kuma nuna fim kyauta bai mai da shi naka ba. Nemi izinin mai shi a rubuce, ka duba ko ya bi ta hukumar tace fina-finai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993.

Yanzu kuɗi, tunda shi ka tambaya. Masu biya su ne ƙungiyoyin lafiya da na ilimi, ma'aikatun gwamnati in suna da saƙon da suke so ya shiga karkara, kamar yadda aka yi amfani da majigi a yaƙin shan-inna, da kuma cibiyoyin al'adu na ƙasashen waje. Kwangila ce ta 'yan watanni, ba albashin dindindin ba. Kuɗin tallafi ruwan fadama ne, ya cika ya janye, kuma wanda bai shirya wa janyewarsa ba zai sha wuya. Shi ya sa ban raina bidiyon biki ba. Ka riƙe shi da damina, lokacin da hadari ke hana mu fita, zai ciyar da kai kuma ya gyara maka hannu a kyamara. Ga kuma halin tsaro da ya sa akwai garuruwan da taron dare ya gagara, sai dai a shiga aji da rana a toshe tagogi da barguna.

Wanda ke daɗewa a aikin nan shi ne wanda ya iya takarda. Na san ba ka son jin wannan. Amma mai ba da tallafi ba ya zuwa Dakingari ya ga taronka, rahotonka yake gani: garuruwa nawa, mata nawa, me aka tambaya, rasit ɗin mai yana ina. Ƙungiya sai ta yi rajista da hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi kafin a saka mata kuɗi a asusu. Na ga gwanayen injin da suka tsufa suna ɗaukar kaya, na ga kuma yaran da suka koyi rubuta kasafi da takardar neman tallafi, cikin 'yan shekaru su ke ɗaukar wasu aiki.

In kuma idonka ya hango gaba da ƙauye, akwai bukukuwan fina-finai. FESPACO na Wagadugu tun 1969 ake yinsa, yanzu duk bayan shekara biyu, kuma wanda ya fara cin babbar kyautarsa a 1972 maƙwabcinmu ne, Umaru Ganda na Nijar. A gida akwai bikin Zuma a Abuja, wanda Hukumar Fina-finai ta Najeriya da ke Jos ke shiryawa, da AFRIFF da aka fara a Fatakwal a 2010. Kowane biki yana da mutanen da ke zama su kalli tulin fina-finan da aka aiko, su ware kaɗan, su rubuta dalili. Yawanci da aikin sa kai ake shiga, tsaron ƙofa ko raka baƙi, har a gane kana da ido. Kai kuma kana da abin da yawancinsu ba su da shi: ka taɓa tsayawa bayan taron manoma ka ji daidai inda suka fara hira suka bar kallo.

Ga fina-finai huɗu a filashin nan, biyu gajeru biyu dogaye. Mako mai zuwa muna da fita wani ƙauye kusa da Bunza, kuma ana tsakiyar yankan shinkafa, mutane za su zo a gajiye. Ka kalle su duka, ka zaɓi uku, ka rubuto mini wanda zai riga wani da dalilinka, da wanda kake ganin ya kamata a ba makirfo, da kuɗin man da za mu ƙona zuwa da dawowa. Ka kawo mini ranar Asabar bayan La'asar.