Sabbin littattafan yara ba sa tallar kansu

Salamu alaikum Malama. Na ga tambayarki, kin ce an kawo muku sabbin littattafan yara a laburare amma yaran ko kallonsu ba sa yi, tsofaffin nan da suka sha hannu kawai suke ɗauka. Toh duk wanda ya taɓa zama a sashen yara ya san wannan, yaro ga littafin da ya sani yake komawa, balle in ya ga abokinsa ya karanta.

Ke ki fara karanta su tukuna. Littafin hoto yawanci shafi 32 ne, minti biyar ya ishe ki. Yara suna gane wanda bai karanta ba wallahi, kina cewa "wannan akwai daɗi" wani zai ce miki to me ya faru a ciki, kika fara kame-kame shikenan kin rasa su. Ni abin da na ga ya fi ci shine in tara su in karanta musu shafi uku ko huɗu da ƙarfi, kowa a labarin da irin muryarsa, sai daidai inda abin ya ɗau zafi in rufe littafin in ajiye kan tebur in ce mai son jin ƙarshe ga shi nan. Ranar har sai kin rubuta sunaye saboda rigimar wa zai fara ɗauka.

Sannan ki duba yadda kika jera su. In a tsaye suke cikin kanta gefensu kawai ake gani to kin ɓoye su ne, yaro bangon littafi yake kallo. Ki fito da kamar shida ki juyo fuskarsu waje daidai tsayin idonsa, duk sati ki canja.

In yaro ya zo shi kaɗai kar ki ce "me kake son karantawa", kafaɗa zai ɗaga miki. Ki tambaye shi wanne ya karanta kwanan nan ya burge shi, ko dabbobi yake so ko jirage ko abin dariya, sai ki miƙa masa guda uku ki matsa gefe ki bar shi ya zaɓa. Kuma fa ba kowane yaro ke son labari ba, wani littafin taurari ko macizai ko yadda inji yake aiki ne zai zaunar da shi awa guda. Don gane ko littafin ya fi ƙarfinsa akwai gwajin yatsu biyar, ya buɗe shafi ɗaya ya karanta, duk kalmar da ta gagare shi ya ɗaga yatsa. Biyu ko uku daidai ne, in suka cika biyar a bari sai gaba. Amma dan Allah kar ki yi gwajin nan gaban sauran yara, kuma ɗan shekara goma in ya ɗauki na 'yan aji ɗaya ki ƙyale shi.

Maganar littattafan da suka ci kyauta kuwa, za ki ga tambarin Newbery ko Caldecott a bangon wasu na Amurka, Newbery tun 1922 ake bayarwa kan rubutu, Caldecott tun 1938 kan zane. Suna da kyau ba musu, sai dai manya ne suka zaɓa, na sha ganin mai tambarin yana kwana a kanta wani mara suna kuwa har bangonsa ya yage.

In kina neman ƙari a harshen da yaran ke ji a gida ki leƙa African Storybook da StoryWeaver a intanet, kyauta ne, akwai na Hausa, an kasa su mataki-mataki, ki sauke ki buga.

Ki kuma yanka ƙananan kati, duk wanda ya gama sabo ya rubuta layi ɗaya kan abin da ya burge shi ki maƙala jikin littafin, maganar ɗan'uwansu ta fi taki shiga kunnensu. Wanda ya dawo da littafi bai gama ba kar ki tsare shi da tambaya, ki karɓa ki ba shi wani.