Da sunan wa ɗan kawunka ya shigar da injinka?

Tambaya: Ni mai walda ne a Kaduna. Na ƙera injin ɓarar gyaɗa wanda ba ya farfasa ƙwaya kamar na kasuwa. Tun bara na ba ɗan kawuna zanen da kuɗin mota, ya ce zai yi mini rajista a Abuja, har yau amsarsa "ana kan aiki". Na sa bidiyon injin a Facebook, yanzu ga irinsa ana sayarwa a Panteka. Yaya zan yi ƙarar masu kwaikwayo, kuma ta ina zan samu kamfanin China ya sayi fasahar?

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye maganar China, ka ƙyale 'yan Panteka tukuna. Matsalarka tana cikin gida. Ka ɗauki abu mafi daraja da ka mallaka ka damƙa wa mutum ba rasit, ba shaida, ba rubutu ko layi ɗaya, kuma shekara ta zagayo ba ka nemi ganin lambar shigarwa ba.

Dokar Najeriya ta 1970 kan ƙirƙira da zane-zanen masana'antu tana ba da haƙƙi ne ga wanda ya riga shigar da takardar neman mallakar fasaha, ko shi ya ƙirƙiri abin ko ba shi ba. Idan ɗan kawunka ya rubuta sunansa, a idon ofishin rajista shi ne mai inji, har tsawon shekara 20. Gaskiya ne dokar ta ce wanda aka ɗauki fasaharsa ba da yardarsa ba, haƙƙin ya koma masa. To amma wannan sai a Babbar Kotun Tarayya, kuma alƙali hujja zai nema. Ina zanenka mai kwanan wata? Ina rasit ɗin ƙarfen da ka saya a gwajin farko? Da hannunka ka miƙa takardun, zai iya cewa da shi kuka ƙera.

Ban ce ya cuce ka ba. Wataƙila ma bai je Abujar ba, ya kashe kuɗin yana jin kunyar faɗa. Wannan ma asara ce, don duk ranar da ta wuce wani zai iya riga ka.

Na taɓa zama da wani maƙeri da ya yi murhun da ke rage cin gawayi. Surukinsa mai boko ya karɓi aikin takardu, shi kuma ya ga bai dace ya ce wa suruki "sa hannu" ba. Da wata ƙungiya ta zo sayen murhu da yawa, da mai takarda ta yi ciniki. Maƙerin ya koma ɗan kwangila a kan abin da ya fito daga kansa, zumuncin da yake tsoron ɓatawa kuma ya watse, har matarsa ta daina zuwa gidansu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Ban san dalilin da ya sa muke ganin rubutu tsakanin dangi zargi ne ba.

Bidiyon nan ma ya yi maka illa, in ya riga shigar da takarda fita. Sharaɗin takardar shi ne abin ya zama sabo, ba a bayyana shi ga jama'a ba kafin ranar shigarwa. Ofishin rajista ba ya binciken sabunta, cikar takardu kawai yake dubawa, saboda haka za a iya ba ka shaidar, ka kai ƙara, lauyan wancan ɓangare ya fito da bidiyonka a soke ta. Kuma ko ta tsaya, iyakarta Najeriya. Maraɗi ko Damagaram sai ta hannun OAPI, ƙungiyar rajistar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, da ke Yawunde.

Kamfanin waje kuwa ba ya sayen labari. In ribarka a kowane inji naira dubu 60 ce, kana fitar da huɗu a wata, kuɗin lauyan shari'a ɗaya zai iya cinye ribar shekara. Da wannan kuɗin gara ka yi wa suna da tambarin injinka rajistar alamar kasuwanci, wadda ke yin shekara 7 a karon farko sannan a sabunta. Rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba ta maye gurbinta. Ka buga tambarin a jikin kowane inji, ka tanadi kayan gyara, ka riƙa zuwa gyara in ya lalace. Mai kwaikwayo ba ya yin wannan, kuma manomi ya san bambanci.

A wannan makon ka je wurin ɗan kawunka tare da dattijo ɗaya daga dangi, ka nemi takardar shaidar karɓa da rasit ɗin biya. In akwai, duba sunan da ke kai. In nasa ne, lauya ya rubuta takardar mayar maka da haƙƙi ya sa hannu tun ana shiri. In babu, karɓe zanenka. Duk wani sabon gyara da ka yi wa injin wanda bai fito a bidiyo ba, kada yaran shago su ɗauke shi a waya, ka kai shi NOTAP, hukumar gwamnati mai kula da fasaha a Abuja, da ƙafarka, suna taimaka wa masu ƙirƙira wajen shigar da takardu.