Kewa ce ko bege? Amsa ga mai sauraron Shata a Jidda

Tambaya: Malam, ni Bakatsine ne, na daɗe ina zaune a Jidda. Duk lokacin da na kunna waƙar Shata a waya sai in ji zuciyata ta yi nauyi. Wannan kewa ce ko bege? Sannan abokin zamana yakan ce min wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Yana da gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar nema. Abin da ke damunka kewa ce. Ana kewar abin da aka saba da shi ne, aka wayi gari babu shi. Shi ya sa in baƙi suka tafi, ko aka kai amarya ɗakinta, maƙwabta ke shigowa su ce wa uwar gida, "Yaya kewa?" Kuma Bahaushe ya ce ana ɗebe ta, ba a ce ana kashe ta ba. Sai dai a rage, gobe ta sake taruwa.

Bege ya fi haka zafi, kuma da ƙauna yake tafiya. Mutum ake bege, ko da ba a taɓa ganinsa ba, don haka ne waƙoƙin yabon Manzon Allah (SAW) suka ci sunan waƙoƙin bege. Marmari kuwa na abin da aka jima ba a ɗanɗana ba ne. In da marmarin kiɗan kake, da waƙa ɗaya ta ishe ka.

Ga dalilin da ya sa na ce kewa. Shata ɗan Musawa ne, ya rasu a 1999, amma muryarsa na nan cikin wayarka, ba ka rasa ta ba. Abin da ka rasa shi ne wurin da ka fara jin ta: rediyon mai shayi da safe, ko kaset a motar haya kan hanyar Funtuwa, da mutanen da kuke ji tare. Kalangu kuma magana yake yi. Makaɗi na matsa igiyoyinsa a hammata, sautin ya hau ya sauka yadda Hausa ke hawa da sauka. To mutumin da ya yini yana Larabci a kasuwa, ya dawo ya ji fata da itace suna yi masa harshen uwarsa, dole jikinsa ya yi sanyi. Mutumin Jos ma haka yake ji da kuntigin Ɗan Maraya, matan Funtuwa kuma da ƙwaryar Barmani Choge.

Karin maganar abokinka sahihiya ce, amma ban yarda da inda ya ajiye ta ba. Misalinta manomi ne, wanda damina ta yi masa gardama yake ta zancen amfanin bara. Ana faɗinta ga mai ƙorafi. Kai ba ƙorafi ka kawo ba. Wadda ta dace da kai ita ce "tuna baya shi ne roƙo". Maroƙi ba ya fara wasa mutum sai ya ambaci ubansa da kakansa da garinsu, kuma da wannan salon mawaƙanmu suka gina yawancin waƙoƙinsu. Kowace ka kunna, sai an kira sunan wani gari da ka sani, ko wani gida da ka taɓa wucewa ta ƙofarsa. In abokin naka ya sake faɗa, ka tambaye shi waƙar wa yake kunnawa in ya kaɗaita.